Sola a Kan Kowane Rufi: Wa Ke Jan Ragamar Sauyin Makamashi a Ƙasashe Masu Tasowa?

A ƙarshen watan Oktoba na 2024, galibin jihohin arewacin Najeriya sun shafe fiye da mako guda babu wutar lantarki. Layin da ya taso daga Shiroro zuwa Kaduna an riga an lalata shi, ma'aikata kuma ba su da ikon shiga dajin su gyara saboda 'yan bindiga. Sai layin da ya taso daga Ugwuaji a Jihar Inugu ya ratsa Binuwai, wanda shi kaɗai ya rage, shi ma ya sami matsala. Kano, Kaduna, Jos, Bauci, Gombe, ko'ina duhu. Ƙanƙara ta yi tashin gwauron zabo, masu walda suka naɗe hannu, wurin masu cajin waya ya cika maƙil. Waɗanda abin bai taɓa su sosai ba su ne masu farantan sola a kan rufi, maƙwabtansu kuwa sun gani sun shaida. Babu wata lacca kan sauyin yanayi da za ta tallata sola a Arewa kamar yadda waɗannan kwanakin suka yi.

Daga nan ya kamata a fara duba wannan batu na komawa ga makamashin da ake iya sabuntawa, wato na rana da iska da ruwa da zafin ƙarƙashin ƙasa. A Jamus ko Ingila, ma'anar sauyin ita ce a rufe tashar kwal mai aiki, a kafa injinan iska a madadinta, don rage hayaƙin da ke ɗumama duniya. Mutum bai san ma an sauya ba, domin duk sa'ad da ya danna makunni, ƙwai zai kama. A Afirka kudu da Sahara kuwa kusan mutum miliyan 600 ne ba su da lantarki kwata-kwata, sama da miliyan 80 daga cikinsu 'yan Najeriya ne. Ƙasar da ke da mutum fiye da miliyan 200 tana rarraba megawat 4,000 zuwa 5,000 ne kacal a babban layinta, shi ma yakan faɗi warwas sau da yawa a shekara. Hayaƙin da nahiyar ke fitarwa baki ɗaya bai kai kashi 4 cikin 100 na duniya ba. Don haka mai shagon da ya sayi faranti biyu da batir a kasuwar Sabon Gari bai yi don ceton ƙanƙarar Turai ba. Ya gaji ne da sayen fetur.

Abu biyu ne suka haɗu a lokaci guda. Na farko ya faru ne a masana'antun China. Tsakanin 2010 da 2020 farashin farantin sola ya karye da kusan kashi 90 cikin 100, bayan nan ma ya ci gaba da sauka, saboda kamfanonin China sun gina masana'antun da suka fi ƙarfin kasuwar da ake da ita. A yau sama da kashi 80 cikin 100 na aikin ƙera sola a duniya, tun daga tace yashi har zuwa harhaɗa farantin, a China ake yin sa. Da Amurka ta ɗora wa kayan haraji mai nauyi, sai 'yan kasuwar suka ƙara karkata ga Asiya ta Kudu da Gabas ta Tsakiya da Afirka. Cibiyar bincike ta Ember ta ƙididdige cewa a watanni 12 zuwa Yunin 2025 Afirka ta shigo da farantai masu ƙarfin megawat kusan 15,000 daga China, ƙarin kashi 60 cikin 100 a kan shekarar da ta gabata, Najeriya ce ta biyu bayan Afirka ta Kudu da kimanin megawat 1,700.

Na biyu a gida ya faru. Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Litar fetur da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. A Afrilun 2024 hukumar NERC mai kula da harkar lantarki ta ɗaga kuɗin wuta ga 'yan rukunin Band A daga ƙasa da naira 70 zuwa 225 kowane yunit, bisa alƙawarin awa 20 a rana. Lissafin ba shi da wahala. Lita ɗaya ta dizal ba ta ba da abin da ya wuce yunit 3 na wuta sosai a janareta mai lafiya, ƙaramin janaretan fetur kuwa bai ma kai haka ba. Idan lita ta haura naira 1,000, kowane yunit ya haura 300 ke nan, ba a sa baƙin mai ba, ba a sa kuɗin bakanike ba, ba a sa ƙarar da ke hana maƙwabta barci ba. Janareta haya ce, kullum sai ka biya, sola kuwa sayen gida ne, wahalarsa ranar farko take.

Wanda ya fi kowa gane wannan lissafi shi ne manomin rani. Je ka fadamun Kura da Kadawa ko na Haɗeja a watan Janairu. A da, mai gonar albasa ko tumatur yakan fito da jarkar fetur a bayan babur, ya ɗura wa injin ban ruwa, kuma ribarsa tana rataye ne da farashin gidan mai. Yanzu za ka ga an jingina farantai uku ko huɗu a bakin rijiyar tuka-tuka, an tokare su da itace suna kallon kudu, waya ta bi ta shiga famfo, ruwa yana bin kwami tun hantsi har la'asar. Da yamma a kwashe farantan a ɗora a amalanke a kai gida, don barin su a gona kyauta ce ga ɓarawo. Wannan aikin ba ya buƙatar batir ko ɗaya, domin lokacin da rana ta fi zafi shi ne lokacin da shuka ta fi son ruwa. A ganina nan ne sola ta fi dacewa da rayuwarmu fiye da ko'ina, kuma nan ne ya fi cancanta gwamnatocin jihohi su zuba tallafi, ba fitilun kan titi da ake kafawa gab da zaɓe su mutu bayan damina biyu ba.

A Nijar siyasa ce ta tura mutane. Kafin juyin mulkin 2023, kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da kamfanin Nigelec ke rabawa daga Najeriya take zuwa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, Najeriya ta katse layin a matsayin takunkumin ECOWAS, ba a mayar ba sai a Maris na 2024. A tsakanin nan ne aka kunna tashar sola ta Goru Banda mai megawat 30 a wajen Yamai, ta rage wa birnin raɗaɗi, masu hali kuma suka ruga shagunan sola. Abin takaicin shi ne Nijar ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Masanin kimiyyar nan Abdou Moumouni Dioffo, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, tun a ƙarshen shekarun 1960 ya fara jagorantar ofishin makamashin rana na ƙasar, ONERSOL, ana ƙera na'urar dafa ruwa da murhu masu aiki da rana. An yi gaba da wuri, sai aka tsaya.

Amma wanda ke son ganin inda wannan hanya take nufa, Pakistan zai duba. Kuɗin wuta ya yi ta hauhawa a can, saboda bashin da gwamnati ta ɗauko na gina tashoshi da kuma sharuɗɗan asusun IMF. Jama'a ba su jira kowa ba. A 2024 kaɗai ƙasar ta shigo da farantai masu ƙarfin kusan megawat 17,000, suka bazu a kan gidaje da masaƙu da gonaki, ba tare da wani babban shirin gwamnati ba. A lura dai, wannan adadi ƙarfin faranti ne a tsakar rana, ba wutar da za a samu dare da rana ba. Duk da haka ya isa ya girgiza kamfanonin raba wuta, zan dawo kan dalilin.

To, tunda rana kyauta ce, faranti kuma ya yi arha, me ya hana gwamnatoci su shimfiɗa manyan tashoshi kowa ya huta? Najeriya ta gwada. A 2016 kamfanin gwamnati mai sayen wuta a sari, NBET, ya sa hannu da kamfanoni 14 su gina tashoshin sola masu ƙarfin sama da megawat 1,000, galibinsu a jihohin Arewa irin su Katsina da Jigawa da Bauci da Sakkwato. An daidaita a kan santi 11.5 na dala kowane yunit. A wannan shekarar aka ji Zambiya ta sami tayin kusan santi 6, sai gwamnati ta ga an yi mata tsada, ta nemi ragi, takardun lamunin da bankuna ke jira suka maƙale. Ko guda ɗaya ba a gina ba. Tashar iska ta Lambar Rimi a Katsina mai megawat 10 ta shafe sama da shekara 10 ana jan ƙafa, har da sace injiniyan Faransa da ke aikin a 2012. Tashar sola ta Kumbotso a Kano da Shugaba Buhari ya buɗe a Janairun 2023 megawat 10 ce, a jihar da masana'antun Sharaɗa da Chalawa da Bompai kaɗai za su shanye ninkin-ba-ninkin haka.

Asalin cikas ɗin kuɗin ruwa ne, kuma wannan shi ne ɓangaren da ba a cika bayyana wa mutane ba. Tashar gas tana da arhar ginawa, amma kullum sai an saya mata gas. Tashar sola kusan duk kuɗinta a ranar gini ake kashe shi, wato bashi ne, farashin wutarta kuma ya dogara ne kacokan a kan nawa mai ba da bashin ya ɗora. Ɗauki misali: an ranci naira 100 za a biya cikin shekara 20. Idan kuɗin ruwa kashi 5 ne, kusan naira 8 za a riƙa biya a shekara. Idan kashi 15 ne, kusan naira 16. Faranti ɗaya, rana ɗaya, amma wuta ta ninka tsada. Hukumar makamashi ta duniya, IEA, ta ce kuɗin samun jari a ƙasashe masu tasowa ya ninka na ƙasashe masu arziki aƙalla sau 2. A Najeriya babban banki ya kai kuɗin ruwansa kashi 27.5 a ƙarshen 2024. Ga shi kayan da dala ake sayo su, wutar kuma da naira ake sayar da ita, nairar da ta faɗi daga kusan 460 zuwa sama da 1,500 a kan dala cikin shekara guda. Shi ya sa Afirka, wadda IEA ta ce tana da kashi 60 cikin 100 na wuraren da suka fi samun rana a duniya, ba ta da fiye da kashi 1 na farantan da aka kafa a lokacin da hukumar ta yi wannan ƙididdiga a 2022.

Mai jari kuma yana tambayar wa zai biya shi. Kamfanonin samar da wuta a Najeriya sun ce a 2025 suna bin bashin kusan naira tiriliyan 4. Kusan rabin masu amfani da wuta ba su da mita, ana kawo musu takardar ƙiyasi ne, su kuma su ƙi biya, ko su yi rigima da masu yanke waya a bakin falwaya. Wanda ya ga haka ba zai binne dala miliyan 100 a dajin Jigawa ba.

Inda aka warware matsalar lamuni, an yi aiki. Masar ta kammala tashar sola ta Benban kusa da Aswan a 2019 da ƙarfin kusan megawat 1,500. Maroko tana da tashar sola ta Noor a Warzazat mai megawat 580. Kenya kuwa kusan kashi 90 cikin 100 na lantarkinta daga zafin ƙasa na Olkaria da madatsun ruwa da tashar iska ta Tafkin Turkana mai megawat 310 yake fitowa. Habasha ta buɗe madatsarta ta kogin Nilu mai sama da megawat 5,000 a Satumban 2025, akasarin kuɗin ma daga cikin gida aka tara shi. Sai dai ruwa shi ma yana da nasa halin: farin 2024 ya janye tafkin Kariba har Zambiya ta koma samun wuta ta 'yan awanni a rana.

Maganar tarukan ƙoli na duniya kan sauyin yanayi ba sai an daɗe a kanta ba. A Kofanhegan a 2009 ƙasashe masu arziki suka yi wa ƙasashe masu tasowa alƙawarin dala biliyan 100 duk shekara kafin 2020, ba a cika ba sai 2022, kuma mafi yawa bashi ne. A Gilasgo a 2021 aka yi wa Afirka ta Kudu alƙawarin dala biliyan 8.5 don ta rabu da kwal, daga baya Indonesiya da Biyetnam da Senegal suka sami irinsa, sai Amurka ta janye a Maris na 2025. A Baku a 2024 aka ce biliyan 300 kafin 2035. Ita kanta Najeriya ta ce shirinta na daina ƙara hayaƙi kafin 2060 yana buƙatar ƙarin kusan dala biliyan 10 duk shekara. Kafin waɗannan alƙawura su sauka ƙasa, ɗan kasuwar Alaba ta Legas ya shigo da kwantena nawa?

Sauyin da mutane ke yi da aljihunsu kuwa yana da nasa ramukan. Na farko dare ne. Rana na faɗuwa faranti ya gama aiki, daidai lokacin da gida ya fi buƙatar fanka da ƙwai da talabijin, balle a watan Afrilu da ɗaki ke zama tanda. Batir shi ne mai cin kuɗin. Na ruwa irin na da, idan ana zuƙe shi ƙarƙaf kowane dare, da wuya ya wuce shekara biyu zuwa uku, na litiyam ya fi ƙarko nesa ba kusa ba amma sai mai hali. Da yawa daga waɗanda ke cewa sola yaudara ce, an haɗa musu faranti kaɗan ne da batir babba wanda ba ya taɓa cika, ko an sayar musu da faranti mai takardar wat 300 alhali bai kai 200 ba, ko suka jona dutsen guga da hita a inbata da aka yi don fanka. Arha ba ta ado. Sannan ga hunturu: ƙura ta kwanta a kan gilashi, hazo ya rufe sama, wutar ta ragu. Mai shagon da ya san abin da yake yi yakan tura yaro da tsumma da ɗan ruwa a buta tun da sassafe, kafin gilashin ya ɗau zafi. Matattun batura kuma suna ƙarewa a hannun 'yan gwangwan, su fasa su su zubar da ruwan a ƙasa, su kai dalmar wuraren narkarwa irin na Ogijo a Jihar Ogun, inda aka sami gubar a jinin mazauna. Mu da muka ga abin da dalma ta yi wa yaran Zamfara a 2010 bai kamata mu ɗauki wannan da wasa ba.

Rami mafi zurfi shi ne wanda Pakistan ta faɗa. Wa ke fara sayen sola? Mai otal, mai masana'anta, banki, asibitin kuɗi, babban ma'aikaci, wato ainihin mutanen da ke biyan kuɗin wuta cif-cif. Idan suka fice, albashin ma'aikatan kamfanin wuta da gyaran taransifoma da bashin tashoshi ba su ragu ba, sai dai an rage masu raba nauyin. Kuɗin yunit ya ƙaru, wasu ma su fice, ya sake ƙaruwa. A ƙarshe wanda ya rage a kan layi shi ne ɗan haya mai ɗaki ɗaya wanda ba shi da rufin kansa balle kuɗin batir. A kasafin 2025 an ware naira biliyan 10 don kafa wa fadar Aso Rock sola. Ta fuskar tattali ƙila dabara ce, amma idan mai gidan da kansa ya sauka daga layin, me ake so mai shayi ya fahimta?

Sola ta kan rufi kuma ba za ta tayar da masaƙun Kaduna ba. Injin narka ƙarfe ko kamfanin siminti yana son wuta mai ƙarfi awa 24, wannan kuwa aikin babban layi ne: madatsu irin su Kainji da Jebba da Shiroro da sabuwar Zungeru mai megawat 700, da manyan filayen sola, da kuma gas. Nan ne nake ganin masu cewa Afirka ta bar gas ɗinta a ƙasa ba su yi adalci ba, musamman da Turai ta bazama neman gas a Aljeriya da Senegal da Najeriya bayan yaƙin Yukiren a 2022. Bututun gas na AKK mai tsawon kilomita 614 daga Ajakuta zuwa Kano ba kishiyar sola ba ne, shi zai riƙe daren da batir bai kai ga riƙewa ba tukuna.

A karkara, abin da ya fi kama da mafita shi ne ƙaramar tashar gari guda: filin farantai a bayan gari, ɗakin batura, wayoyi zuwa gidaje da shaguna, kowa da mitarsa yana sa kati. Hukumar kai lantarki karkara, REA, ce ke kula da wannan, kuma a Disamban 2023 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 ga shirin DARES da ke hanƙoron kai wuta ga mutum miliyan 17.5. Yana cikin babban shirin Mission 300 na haɗa mutum miliyan 300 a Afirka da lantarki kafin 2030. Dokar lantarki ta 2023 ma ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu. Sirrin irin wannan tasha shi ne a sami masu cin wuta da rana. Idan ƙwai da cajin waya ne kawai, kuɗin da ke shigowa ba zai sauya batir ba. Idan mai injin niƙa da mai casar shinkafa da mai walda da mai firjin maganin rigakafi suka hau, tasha ta tsaya da ƙafarta. Su kuma sai an ba su bashin sayen inji mai aiki da lantarki, domin na hannunsu na dizal ne.

Akwai kuma makamashin da ba a cika sa shi a lissafi ba saboda ba ya kunna ƙwai. Kusan mutum biliyan 1 a Afirka da itace da gawayi da kara suke girki. Hukumar lafiya ta duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida yana kashe kusan mutum miliyan 3 a shekara a faɗin duniya, mata da ƙananan yara ne suka fi shaƙarsa. Faranti huɗu a kan rufi ba za su dafa tuwon gidan mutum 15 ba. Da gas ɗin girki ya yi tsada bayan faɗuwar naira, gidaje da yawa a Kano da Kaduna da Abuja sun tura silinda ƙarƙashin gado sun koma kurfoti, har a gidajen da inbata ke ƙara a falo, manyan motoci kuma suna ci gaba da fitowa daga dazukan Neja da Bauci da Taraba shaƙe da buhunan gawayi.